Yadda Ake Haɗa Zuma Mai Barkono a Gida

Duk wanda ya taɓa zama gaban mai waina da safe, aka zuba masa zuma a gefe ɗaya na faranti, yaji a ɗaya gefen, har suka gangaro suka haɗu a tsakiya, to ya riga ya ɗanɗani abin da zan koyar yau. Bambancin kawai shi ne yanzu da gangan za mu haɗa su, mu zuba a kwalba, ta zauna mana a kicin wata da watanni. A Amurka har sana'a aka mayar da ita. Wani mutum mai suna Mike Kurtz ya fara cin karo da ita a Brazil, ya dawo ya soma sayar da tasa a wani shagon fiza da ke Brooklyn a birnin New York a 2010, yau kuma ga ta a manyan kantunansu. Mu a Kaduna babu abin da za mu jira daga waje. Zuma tana shigo mana daga kudancin jihar nan da ƙauyukan da ke kewaye, barkono kuwa ga shi nan tuli a Bakin Dogo, da kasuwar Kawo ranar Talata, da kasuwar Monday a Kakuri.

Abu biyu nake so ki riƙe tun daga nan, domin duk sauran bayanin a kansu yake tafiya: zuma ba ta son ruwa, kuma ba ta son wuta mai ƙarfi. Duk wadda na ji ta ce tata ta lalace, in muka bi diddigi, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya shiga.

Zumar da za ki saya

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne ake yawan cutar mutane. Kin dai san gwaje-gwajen da ake yaɗawa: a tsoma ashana a kyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a zuba a ƙasa a ga ko tururuwa za ta zo. Ni ba na dogara da ko ɗaya a ciki. Sukarin da aka dafa ya yi kauri zai iya tsallake yawancinsu, zuma ta gaskiya mai ɗan ruwa-ruwa kuma ta faɗi. Abin da ya fi amfani shi ne ki san mai sayar miki, ki riƙe shi. Idan kika samu wadda ke tare da saƙarta, ki saya ki tace da kanki. Ki shinshina, ki lasa. Ta gaskiya tana da ƙamshin fure ko na itace, zaƙinta yana da wani abu a bayansa, ba zaƙi tsura ba kamar na alewa.

Ki lura da kauri. Zumar da ta nuna a cikin amya ruwan da ke jikinta bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 cikin ɗari ba, kuma ƙarancin ruwan nan tare da yawan sukari da ɗan tsamin da take da shi su ne suke hana ƙwayoyin cuta rayuwa a cikinta. Da zarar ruwan ya haura kashi 20, sai ta fara tsami tana kumfa. Don haka wadda kika karkata kwalba ta zubo sharr kamar mai, ki bar ta. An cire ta ba ta nuna ba, ko an ƙara mata wani abu. Ta ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, ita na fi so, don ta fi kauri.

Akwai kuma batun ƙauri. Yawancin masu cire zuma a ƙauye da wuta da hayaƙi suke korar ƙudan, shi ya sa wata za ki ji tana ƙaurin hayaƙi. In kaɗan ne, ba laifi, yana ma dacewa da barkono, musamman in a nama za ki yi amfani da ita. In ya yi yawa har yana ɗaci, ba za ta gyaru ba. Baƙar zuma mai ƙarfin ɗanɗano ta fi dacewa da gashi, fara mai sauƙi kuma ta fi daɗi a waina da shayi.

Wane barkono?

Busasshe. Wannan ita ce amsata ga mai farawa, kuma dalilin shi ne ruwan da na ambata. Ɗanyen attaruhu kusan duk jikinsa ruwa ne. In kika yanka shi kika jefa a zuma, zumar za ta zuƙe ruwan nan ta saki. Na taɓa yin haka da farko, don ina son ƙamshin attaruhu. Na ajiye kwalbar a kan kanta a watan Afrilu, lokacin da zafin Kaduna ya kai maƙura. Ba a yi kwana goma ba murfin ya kumbura, da na buɗe sai wani tsami ya bugi hancina, kumfa ta taso har baki. Rabin lita guda na zubar, kuma har yau in na tuna ina jin ciwon asarar.

Sinadarin da ke sa barkono zafi sunansa kafsaisin. Mutane da yawa suna ɗauka a 'ya'yan yake, alhali mafi yawansa yana jikin farin naman nan na ciki wanda 'ya'yan suke manne da shi. Akwai ma'aunin zafi da wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912, kuma yana taimakawa wajen gane tazarar da ke tsakanin barkonon da muke saye. Attaruhu yana tsakanin 100,000 da 350,000 a ma'aunin. Dogon jan barkono irin wanda Turawa ke kira kayen yana wajen 30,000 zuwa 50,000. Tattasai kuwa zafinsa bai taka kara ya karya ba, launi da zaƙi yake bayarwa. Kin ga ke nan attaruhu guda ɗaya zai iya yin aikin dogayen barkono masu yawa.

Haɗin da na zauna a kansa shi ne busasshen shambo a matsayin tushe, don yana ba da ja mai kyau da zafi mai sauƙin sha'ani, sai 'yan ƙananan barkonon nan masu zafi guda biyu ko uku don su tayar da shi. In kin samu busasshen attaruhu, ɗaya ya isa kofi guda.

Ki sayi barkonon da jikinsa, ki daka da kanki. Garin da ake aunawa a kasuwa ba ki san me aka haɗa a ciki ba, ba ki san kwanansa nawa ba. Ki fasa guda biyu ki duba ciki tun a gaban mai kaya. In kin ga baƙi-baƙi ko fari-farin fumfuna, ki wuce gaba. Wani dattijo da nake saye a wurinsa yakan ce mini, "Hajiya, ki murza ki ji, in bai yi ƙara ba bai bushe ba." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya bushe sosai yana karyewa ƙaras a hannu.

Sannan kada ki yi amfani da yajin suya ko yajin ƙuli. Ƙuli-ƙuli yana da mai, man kuma zai yi ɗoyi a kwalba bayan 'yan makonni, ga gishiri da magi da ba wurinsu ba ne.

Abin da za ki tanada

Zuma kofi ɗaya, wato mililita 250, wanda nauyinsa ya kai kusan giram 350 saboda zuma ta fi ruwa nauyi. Dakakken busasshen barkono cokali biyu na cin abinci, dakan da bai yi laushi ba, ya zama ɓarzajje. Ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu in kina so. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Sai tukunya, da kwanon silba ko na tangaran wanda zai zauna a bakinta, da cokalin katako, da rariya mai ƙananan ido, da kwalbar gilas mai murfi.

Kwalbar mayonis da ta ƙare ta wadatar. Ki wanke ta da sabulu da ruwan zafi har warin ya fita, ki kife ta a rana ta bushe ƙayau, ita da murfinta. Kar ki goge da tsumma ki ce ta bushe, ki bari rana ta yi aikinta. Haka cokali da rariya.

Hanya ta farko: ta ɗumi

Ki fara da barkonon. Ki cire hancinsa, ki ɗora kasko busasshe a wuta kaɗan, ki zuba shi kina juyawa kamar minti ɗaya, da zarar ƙamshi ya tashi ki sauke. Wannan ɗan gashin yana fito da ƙamshin da ba za ki samu a ɗanyen busasshe ba. Amma ki tsaya a kansa, don tsakanin ƙamshi da ƙonewa kiftawar ido ce, in kuma ya yi baƙi ɗaci zai bi zumar gaba ɗaya. Ki buɗe taga, ki fitar da yara, musamman in akwai mai asma a gidan, domin turirinsa yana shaƙe maƙogwaro. In ya huce ki daka sama-sama a turmi. In kina son zafin ya ragu, ki kaɗe 'ya'yan da farin cikin kafin daka.

Yanzu ki zuba ruwa a tukunya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, ki ɗora a wuta. Ki zuba zumar a kwano ki ɗora a bakin tukunyar, ta yadda turiri ne zai riƙa dukan gindin kwanon. Wannan dabarar ita ce ke raba zuma da wuta. In kika ɗora ta kai tsaye a kan gas ko gawayi, ta ƙasa za ta ƙone kafin ta sama ta yi ɗumi, ta yi kumfa ta taso ta zube, ƙamshin furen ya gudu, launin ya koma duhu, ki tashi da abin da bai fi dafaffen sukari ba. Ki rage wuta yadda ruwan zai riƙa 'yan ƙananan tafasa a gindi kawai, ba ɓulɓula ba. Kar ki rufe kwanon, don gumin murfi zai ɗiga ciki.

Bayan minti uku zuwa biyar za ki ga zumar ta saki, tana bin cokali cikin sauƙi. Ki zuba barkonon da gishiri ki juya. In kina da ma'aunin zafi na girki, ki riƙe ta tsakanin digiri 60 da 70 a ma'aunin Salshiyas. In babu, idonki ya ishe ki: zumar ta yi laushi, tana ɗan turiri, amma ba ta kumfa. Da kin ga ƙananan kumfa sun fara jeruwa a gefen kwano, ki ɗaga shi ki ajiye gefe ya ɗan sarara.

Ki bar ta a haka minti goma sha biyar kina juyawa jefi-jefi, sannan ki kashe wuta ki bar kwanon a kan tukunyar.

Daga nan sai ɗanɗano, wanda shi ne ainihin gwanintar. Ki ɗiga kaɗan a faranti, ki jira ya huce, ki lasa da guntun burodi. Kar ki yi gaggawar yanke hukunci, don zaƙi ne yake fara zuwa, zafin sai bayan daƙiƙa kaɗan yake biyowa ta maƙogwaro. In ya yi miki, ki tace. In bai kai ba, ki ba ta wani minti goma sha biyar ki sake gwadawa. Ni nakan bar tawa wajen minti arba'in. Ki tuna abin da za ki ci da ita zai rage mata ƙarfi, saboda haka a bakin cokali ya kamata ta ɗan fi abin da kike so zafi. In kuma ta wuce gona da iri, gyaran mai sauƙi ne: ki ƙara zuma tsura ki juya.

Ki tace tun tana da ɗumi, in ta huce ba za ta bi rariya ba. Ki danna barkonon da bayan cokali don ya saki abin da ya riƙe. Wasu ba sa tacewa, suna son ganin jan barkonon yana yawo a ciki, kuma yana da kyau a ido. Sai dai wadda ba a tace ba zafinta zai ci gaba da ƙaruwa kullum, abin da kika lasa yau ba shi za ki tarar bayan sati biyu ba. Ni nakan tace, sannan in mayar da rabin ƙaramin cokali na barkonon don ado.

Ruwan khal a ƙarshe yake shiga, bayan tacewa. Amfaninsa shi ne ya yanke zaƙin, ya hana ta gundura. Na san na ce zuma ba ta son ruwa, shi ya sa ba a wuce ƙaramin cokali biyu a kofi, kuma in zumarki da ma ba ta da kauri sosai ki bar shi kawai, ki matsa lemon tsami a kan abincin lokacin ci. Ki juye a kwalba, ki bari ta huce sarai kafin ki rufe.

Hattara da zuma mai zafi. In ta zuba a fata mannewa take yi, ƙunarta ta fi ta ruwan zafi muni. Hannun da ya taɓa barkono kuma ruwa kaɗai ba ya wanke shi, don kafsaisin a mai yake narkewa. Ki shafa man gyaɗa ki murza, sannan ki wanke da sabulu. In baki ne ya ɗauki zafi, madara ko kindirmo sun fi ruwan sanyi.

Hanya ta biyu: ba wuta

In kin sayi ɗanyar zuma mai tsada, kina son ta zauna yadda ƙudan suka bar ta, to kada ki kai ta kusa da murhu. Ki zuba barkonon a kwalba, ki bi shi da zuma, ki juya da busasshen cokali, ki rufe. Barkonon zai taso sama, sai ki riƙa kife kwalbar sau ɗaya a rana. Daga kwana na biyar ki fara lasa. Yawanci sati ɗaya zuwa biyu ya isa, a lokacin zafi ta fi saurin kamawa, a hunturu tana ɗaukar lokaci. Ranar tacewa ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi ta saki. Wannan ta fi ƙamshi, kuma in ba sauri nake ba ita nake yi.

Ga wadda ta nace sai ɗanyen attaruhu, ƙamshinsa ya cancanci a nace masa. Ki yi kaɗan, daidai cin kwana biyu ko uku, ta hanyar ɗumi, ki tace, ki sa a firij. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, kada ki yi mai yawa da niyyar ajiya.

Citta da sauran ƙari

Jiharmu ce gidan citta a ƙasar nan, daga Kachia zuwa Jaba da Kagarko, kuma busasshiyar citta tana shiga zumar nan kamar don ita aka yi ta. Ki fasa gutsure biyu ki zuba tare da barkonon. Kanumfari guda biyu ko uku ma yana yi, amma kar ya wuce haka, yana danne komai. Masoro kaɗan yana ƙara mata wani zafi mai zurfi. Ɗanyar tafarnuwa dai ban yarda a sa a wadda za a ajiye ba. Shawarata ki yi ta farko da barkono zalla, ki san ɗanɗanonta, a ta biyu sai ki fara wasa da ƙari.

Ajiya

Wadda aka yi da busasshen barkono ba ta buƙatar firij, sanyi ma sa ta daskarewa yake yi. Ki ajiye a kabad, nesa da murhu da rana, murfi a ɗaure, musamman da damina, don zuma tana zuƙar danshi daga iska. Ki yi ƙoƙarin cinye ta cikin wata uku, lokacin ƙamshin barkonon yana nan daram. Cokali mai jiƙe ko wanda ya shiga baki kada ya koma ciki. Ki zaunar da kwalbar a cikin ɗan faranti mai ruwa in tururuwa ta dame ki.

In sanyin Disamba da Janairu ya shigo kika ga ta daskare ta yi tsaki-tsaki, ba lalacewa ba ce, kuma ba shaidar an cuce ki da sukari ba ce. Ɗabi'ar zuma ce. Ki tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta dawo. Alamar lalacewa daban take: kumfa, warin tsami, murfi ya kumbura.

Wani gargaɗi da ba na wasa da shi: jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma kowace iri ce, ko da an ɗumama ta. Tana iya ɗauke da ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim, wadda hanjin babba yake iya shawo kanta amma na jariri bai iya ba. Na san a gidaje da yawa an saba lasa wa jariri zuma, ki yi wa su Inna bayani cikin ladabi. Mai ciwon suga ya sani babban cokali ɗaya na zuma yana ɗauke da sukari kusan giram 17. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi kuma ya ɗanɗana kaɗan ya ga yadda jikinsa zai karɓa.

Da me ake ci?

Waina ce ta farko, mai zafi daga tanda, a ɗiga mata ta bi ramukan nan ta shige. Sai awara da aka soya ta yi ƙaras, wadda ni a wurina babu abin da ya kai ta dacewa da wannan zumar, don awara ba ta da ɗanɗano mai ƙarfi na kanta, duk abin da aka ba ta take karɓa. Ƙosai, soyayyar doya, dankalin Hausa, fanke, gurasa, soyayyen cuku, duk suna tafiya. Da azumi in kika ajiye ƙaramin kwano a tsakiyar kayan buɗa baki, za ki ga inda hannuwa suke nufa.

Wajen gashin kaza ko kifi ne ake kuskure. Kada ki shafa tun farko, sukarin zai ƙone ya yi baƙi kafin naman ya nuna. Ki gasa da kayan ƙamshinki yadda kika saba, sai saura minti biyu ko uku kafin ki sauke, sannan ki shafa, ki juya sau ɗaya ta kama ta yi sheƙi. In maigida ya shigo da tsire ko balangu daga waje, ki ɗan ɗumama, ki yaryaɗa siriri a kai, ki matsa lemon tsami. A soyayyar kaza kuma bayan an tsame daga mai ake zubawa.

Da hunturu, lokacin da ƙura ta bushe maƙogwaro, ƙaramin cokali ɗaya a shayin citta da lemon tsami yana ɗumama jiki. Ki bari shayin ya ɗan sarara kafin ki zuba.

Barkonon da ya rage a rariya kuma kada ki zubar. Ya sha zuma ya yi laushi, ki kwashe a ɗan kofi, ki haɗa da albasa da man gyaɗa kaɗan ki jiƙa naman da za ki gasa gobe, ko ki jefa cokali ɗaya a miyar tumatir in ta yi miki tsami.